Yadda Za Ka Kare Kundin Bincikenka Ko da Na'urarka Ba Ta Ganin Ƙugiya

Ɗan'uwa, shekara huɗu na yi ina koya wa kwamfuta karanta rubutun hannu, don haka ka zo wurin gwani. Bi matakan nan, na yi maka alkawari ba wanda zai manta da ranar kare kundinka.

1. Daddatsa harafi

Ka nuna wa na'ura cewa kowane harafi gini ne. Sanda a tsaye da ƙafa biyu a karkace, k ke nan. Sanda da tumbi a dama, b. Ka tsara mata dokokin haɗa su, ka kira abin “nahawun siffofi”. Idan mahaifiyarka ta tambayi aikinka, kada ka ce sanduna kake ƙirgawa. Ni na faɗa, ta ce, “Allah sarki, har yanzu?”

2. Share datti

Alƙalami yana zuba, hannu yana rawa. Ka umarci na'ura ta goge duk wani ɗan wutsiya da ya leƙo saman sanda. Za ta goge har da ƙugiyar ƙ da ɗ da ɓ. Kada ka duba. Mai bincike na gaske ba ya neman abin da zai ɓata masa rai.

3. Cika baki

Ranar karewa, ga Farfesanka a kujerarsa, ga baƙon mai jarrabawa, ga matarka a baya ta ci kwalliya. Ka daki ƙirji ka ce, “Ranka ya daɗe, rubuta duk abin da ka ga dama.”

Nawa baƙon ya shafa hannun kujerar da ke kusa da shi, ya rubuta: “Akwai ƙura a kujerar Farfesa.” Na'urata ta karanta da ƙarfi, tiryan-tiryan: “Akwai kura a kujerar Farfesa.”

Wayyo ni! Har masinja sai da ya fita waje ya yi dariyarsa. Farfesa kuwa ko murmushi.

4. Karɓi sakamako

Farfesa zai rubuta kalma biyu ya miƙo maka. Na ba na'ura tawa takardar, ta ce, “Ka kare.” Na juya na ce wa matata ta yi guɗa.

Farfesa ya cire tabarau ya ce, “Malam, da ƙugiya.”

Gargaɗi: duk abin da ya same ka, babu ruwana. Ni ma shekara ta biyar nake shiga.