Muryar Da Ta Fi Karatu

Ba na jin zan taɓa mantawa da wata safiyar Asabar a Ɗanzomo, ko da kuwa tsufa ya kwashe sauran abin da ke kaina. Yanzu yaro ana kai shi makaranta tun bakinsa na warin nono. A zamaninmu, lokacin da Turawa ba su daɗe da shigowa ƙasar Gumel ba, sai uba ya ga gona za ta iya yi ba kai, sannan ya sake ka. Ni sai da na kai wajen shekara goma sha biyar, murya ta fashe, gashin baki ya fara leƙowa, aka miƙa ni ga Malam Buba.

Ranar farko aka zaunar da ni cikin 'yan shekara bakwai, gwiwoyina sun kai kunnuwansu. Na nuna wani harafi a allona, na tambayi na kusa da ni sunansa. Yaron ya kwashe da dariya ya ce, "Ku zo ku ga babanmu yana babbaƙu!" Makaranta duk ta ɗauka. A nan na yi wa kaina alkawari ba zan ƙara tambayar kowa komai ba.

Sai na samo dabara. Karatun allo kowa nasa yake rerawa, gaba ɗaya, da ƙarfi. Ni kuwa Allah ya ba ni maƙogwaro. In ɗauki kan wannan, in haɗa da wutsiyar wancan, in yi ta rangaji ina kwarara murya. Malam ya tsufa, kunnensa ya yi nauyi, tawa kaɗai yake ji. Ya gyaɗa kai ya ce, "Madalla, je ka wanke." In wanke allo, a rubuta mini sabo, shi ma in zuba masa ido kamar sawun kaji.

Har ta kai ya ba ni bulala ya ce in riƙa kula da ƙanana. (Ban san kuskure ba balle in gyara, saboda haka duk wanda ya yi shiru shi nake tsula wa.) Babana kuwa ba shi da zance a kasuwar Maigatari sai na ɗansa mai ƙwaƙwalwa.

Ranar da nake faɗa, wani gwani daga Barno ya sauka wajen Malam, babana kuma ya kawo wa Malam damin gero. Malam ya nuna ni ya ce, "Gwani, ga zakaran makarantar."

Gwani ya ɗaga hannu. "Kowa ya yi shiru. Samari, kai kaɗai. Ɗora yatsa, mu ji."

Ban taɓa sanin makarantar nan tana iya yin shiru ba. Har kukan kurciya na ji a kan tsamiya. Na gyara zama, na yi bisimilla da muryar da ta kai bakin rijiya. Daga nan sai hanya ta ƙare.

"Ci gaba."

"Allah gafarta Malam, rana ce ta shiga idona." (Muna tsakiyar inuwa.)

Wata 'yar mitsitsiya, Kande, wadda na zane ranar Laraba, ta matso ta raɗa mini abin da ke gaba. Na maimaita. Ta ƙara, na ƙara. Gwani ya ce, "Yarinya, ɗaga murya mana, tafintanki ya gaji."

Babana ya daɗe yana kallon damin geronsa, sannan ya ce, "Malam, a ba ni abina. Da muryar nan ko tsuntsu ya kora mini a gona."

Da ƙasa ta buɗe da na gode mata. Amma Malam Buba ya ce wa babana a'a. Da mutane suka watse ya kira ni zaure, ya tambayi abin da ya hana ni cewa ban gane ba. Na ce dariya, Malam. Ya ce, "Na duba tsawonka, na manta ƙato ma yana jin kunya." Ya karɓe bulalar. Ya sa in riƙa zuwa da hantsi, ni da shi kaɗai, bakina dab da kunnensa. A zauren nan na yi tambaya ta fi ɗari, ba wanda ya yi ko murmushi. Kafin rani biyu ina rubuta allona da hannuna.

Bayan haka na yi yawo. Na ga ajin Faransawa a Damagaram, na ga tsangayun Barno, na ga na Sudan a hanyar Makka. Harshe daban, bulala iri ɗaya, kuma ko'ina akwai wani ƙato da ake ce wa daƙiƙi ko a ce masa haziƙi, alhali tsoron dariya ne kawai ke riƙe da shi. Saurayi ya gwammace ya zauna jahili da a ga yana koyo.

Malam Buba dai, har ya rasu, bai sake haɗa mai gashin baki da 'yan shekara bakwai a tabarma ɗaya ba.