Ranar da Biri Ya Duba Kan Kawu Sallau

"Wai Sallau, in gonarka ce, me ya sa mutumin nan ya wuce ka ya tafi wajen tsohuwa?"

"Yaya Delu, tarbiyya ce! Ni na kafa doka a riƙa fara gaida tsofaffi."

"Gaisuwar ce har da nuna masa bishiyar da za a hau? Kai ko kallo ba ka ishe shi ba."

"Kwarjini! Ba ya iya haɗa ido da ni."

"Shi ma birin kwarjinin ne ya kama shi? Ga shi can yana maka gwalo."

Ku tsaya in koma baya, kada in bar ku a duhu. Yaya Delu ita ce Ummata, Kawu Sallau kuwa ƙaninta ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Wannan cacar baki ba a Dutse aka yi ta ba, a wani ɗan ƙauye ne can yammacin tsibirin Sumatra, ƙasar Indonesiya.

Kawu Sallau, in dai cika baki sana'a ce, da tuni ya sayi jirgi. Ya je Jakarta sarin yadi da hijabai, kasuwa ta juya masa baya, sai Allah ya haɗa shi da wata baiwar Allah mai suna Yusni. Ya aure ta, ya bi ta ƙauyensu. Tun daga ranar wayoyin dangi ba su huta ba. Sai ya yi gyaran murya, ya ja numfashi kamar mai shirin huɗuba:

"To-o-o, ƴan gida, har yanzu ana fama da gero? Allah sarki. Ni nan gonar kwakwata sai da babur ake zagaya ta, shi ma sai an ƙara mai a hanya."

Har ta kai ya ce a damƙa masa ragamar garkar dabinon da kakanmu ya bari, wai daga can zai riƙa ba da umarni ta waya, tunda duk zuriya ba wanda ya san bishiya kamarsa. Wasu daga cikin manya har sun fara gyaɗa kai. Sai aka yi dace ni ina karatu a birnin Padang, kuma Umma za ta zo bikin gamawata. Manya suka ce, "Delu, ki leƙa ki gano mana da idonki. Abin da kika faɗa, da shi za a yi aiki."

Ni kuwa na daɗe da sanin dawan garin. A al'adar mutanen wannan yanki, gida da gonar gado na mata ne. Uwa ta bar wa ƴarta, ƴar ta bar wa tata ƴar. Miji shi ke tarewa gidan matarsa. Muna sauka daga mota Kawu ya ja ni gefe.

"Zulai, ke yarinya ce mai hankali. In ana magana da yarensu, ki riƙa tacewa kafin ki juya wa uwarki."

Na ce, "Kawu, ni rariyata a yage take."

Da safe ya ɗauke mu zagaye. Gari kam masha Allah. Gonakin shinkafa hawa-hawa kamar matakalar bene, ruwa na gudu a tsakaninsu, ɓauna na kwance cikin taɓo, can nesa ga dutse yana shan gajimare. Duk abin da Umma ta kalla, kafin ta buɗe baki Kawu ya ce, "Nawa ne." Kududdufin kifi? "Nawa ne." Gidan katako mai rufi kamar ƙahon sa? "Ni na zana." Saura kaɗan ya ce shi ya dasa dutsen.

Umma ta ce, "To ya na ga gidan ba katanga ba ƙyaure? Ba ɓarayi?"

"Da akwai. Zuwana suka yi hijira."

A mararraba muka ga wani guntun icce mai rami a ciki, an rataye shi a rumfa da sanda a gefe. Ganga ce ta gari, in gobara ta tashi ko wani ya faɗa rijiya ita ake bugawa kowa ya fito. Umma ta tambaya.

Kawu ya gyara hula. "Wannan? Tamburan girma ne. Ba a taɓa ta sai don babban mutum. Ni dai na hana su, ba na son hayaniya."

Muna dawowa muka tarar da mai biri ya iso. A ƙauyen nan ba mutum ke hawa kwakwa ba, biri ne, wanda aka horar tun yana ƙarami. Ana ɗaura masa doguwar igiya, ya hau, ya ƙwanƙwasa ƙwallo ya ji ko ya nuna, in ya yi masa sai ya kama da hannu biyu ya yi ta murɗawa har ya tsinke. Mai birin sunansa Ajo Buyung, wani siriri mai gashin baki. Ya wuce Kawu fuu, ya je ya rusuna gaban surukar Kawu, tsohuwar da kowa ke kira Amak, tana zaune a bakin matakala tana taunar wani ganye mai rina baki ja kamar goro. Ta ɗaga yatsa ta nuna masa bishiyoyin da za a sauke.

Nan ne fa Umma ta tayar da ballin da na fara ba ku.

Da Kawu ya ga maganar kwarjini ba ta shiga ba, sai ya yi wani tsalle ya tsaya tsakiyar fili.

"Kai Ajo! Yau ba biri. Na sallame shi! Gonata ce, ni zan hau abina."

Yusni ta fito da ludayi a hannu. "Uda, don Allah ka rufa mana asiri." Uda shi ne yadda matan can ke kiran miji.

"Koma ciki, Yusni! Ni da na yi ƙuruciyata a kan dabinon Dutse? Mai ƙaya ma ke nan, bare wannan sandar rake."

Umma ta dube shi sama da ƙasa. "Sallau, ni na goye ka. Yaushe ka hau dabino? Kai da ko katangar makaranta sai an tura ka."

"Kina ɗakin girki lokacin."

Kowa ya juya wajen Amak. Tsohuwa ta tofar da jan yawu, ta yi magana a taƙaice. Umma ta zungure ni. Na ce, "Cewa ta yi a bar shi, ta daɗe ba ta yi kallo ba."

Kawu ya nufi wata ƴar gajeriyar bishiya wadda ko akuya za ta gwada. Umma ta ce, "A'a, ba wannan ba. Ga waccan, ta masu gona." Ta nuna wata doguwa siririya a bakin gonar shinkafa, wadda in ka ɗaga kai ka kalli samanta sai hularka ta faɗi.

Kawu ya matsa gindinta. Ya ƙara tamke zanen mazan can da yake ɗaure da shi. Ya tofa a tafin hannu. Ya yi bisimilla da ƙarfi don maƙwabta su ji.

Gaskiya a faɗe ta, ya hau. An sassara ƴan matakai a jikin iccen, kuma idon Umma na bayansa kamar tsinin mashi. Fuu, haa, fuu, haa, tumbi na goga icce, har ya cusa kai cikin ganye ya haye kan wani reshe.

"Yaya Delu! Kin gani?"

"Na gani. Tsinko mana."

Sai ya yi kuskuren leƙowa ƙasa. Iska ta kaɗa. Bishiya ta yi luuu ta dawo luuu. Hula ta zame, ta yi ta juyi a sama kafin ta sauka. Ƙwalƙwal ɗin kan Kawu, wanda ya sha aski da man kwakwa saboda zuwan baƙi, ya hau sheƙi a rana. Daga nan ba mu ƙara jin motsi ba. Ya rungume icce hannu da ƙafa kamar jinjirin da aka zo yaye shi.

Umma ta ce, "Sallau, ina kwakwar?"

"Ina duba lafiyar ganye tukuna!"

Aka jima.

"Sallau?"

"Ina ƙare wa iyakar gonata kallo!"

Aka ƙara jimawa. Ashe jajayen tururuwan da ke sheƙa a cikin ganyen sun gano an kawo musu nama har gida. Sai muka ji wata ƴar siririyar murya, ba irin ta waya ba:

"Zulai... Zulai ƴar albarka... ki ce su kawo tsani. Kada ki bari uwarki ta ji."

Umma ta ce, "Da Hausa fa ka faɗa, Sallau."

Yusni ta yar da ludayi ta ruga mararraba. Kwam! Kwam! Kwam-kwam-kwam! Ganga ta ɗauka. Kafin ka ce me, gari ya fashe. Masu bokiti, masu adda, mata da goyo, limami da carbi, har wani tsoho da aka turo a baro. Kowa na tambaya ina wutar. Aka nuna musu sama.

Umma ta haɗa tafi a baki. "Sallau! Ga tamburan girma an buga maka! Ka ce ka hana su!"

Aka kawo tsanin gora daga masallaci, bai kai ko rabi ba. Aka ce ya sauko da ƙafa ya tarar da tsanin, ya ce shi ƙafafunsa sun daina jin magana. Sai Ajo Buyung ya kawo shawara: a ɗaura wa biri igiya mai kauri ya kai masa, ya zarga a reshe ya ɗaure ƙugunsa, maza su sassauto shi a hankali. Amma fa ya ce ba zai saki birinsa ba sai mai gona ta yarda, tunda ɗazu an sallame shi. Duk taron nan, har limami, suka juya ga Amak. Umma na lura. Tsohuwa ta gyaɗa kai.

Biri ya kama icce, fir-fir-fir, kamar ana jan sa. Ya isa. Ya zauna a reshe ya dudduba. Shi dai abu ɗaya aka koya masa a duniya. Ga ƙwallaye kore shar a dama, ga wasu a hagu, ga kuma wani a tsakiya, babba, ruwan ƙasa, sumul, yana ƙyalli. Tun da yake aiki bai taɓa cin karo da irinsa ba.

Ya dafa shi da hannu biyu.

"Kai! Kai! Ajo, yi masa magana!"

Ya murɗa dama.

"Wayyo wuyana!"

Ya murɗa hagu.

"Innalillahi! Yaya Delu, zai cire!"

Ajo na ƙasa yana fizgar igiya yana ihu da yarensu, "Ba wannan ba! Ba wannan ba!" Biri ya ɗauka cewa ake ya ƙara himma. Ya sa ƙafa ya taka kafaɗar Kawu don ya sami ƙarfi. Da ya ga abin ya ƙi tsinkewa, sai ya nemi marikin da zai ciza, ya kama kunne. Kawu ya saki wata ƙara da ta tashi ɓauna daga taɓo.

Sai biri ya dakata, kamar ya tuna karatu. Ya dunƙule hannu. Ƙwas, ƙwas. Ya kara kunne. Ya sake, ƙwas, ƙwas. Ya girgiza shi kaɗan ya saurara. Wallahi ina kallon fuskarsa, ya yamutsa baki kamar mai sayen kankana da aka so a cuta. Ya ture kan gefe guda, ya juya ya kama kwakwar gaskiya. Tim! Tim! Tim! Suka yi ta zubowa.

Amak ta cire ganye daga baki ta yi magana, taro ya kwashe da dariya har limami na riƙe ciki. Umma ta ce, "Me ta ce?"

Daga sama Kawu ya yi ihu, "Zulai, ki sa rariya!"

Na ce, "Cewa ta yi birin nan bai taɓa sauko mata da wadda ba komai a ciki ba."

Da ƙyar aka samu ya zarga igiya. Maza suka yi ta sassautowa, yana lilo yana juyi kamar buhun da ake saukewa daga mota, hannu ɗaya a igiya ɗaya a bakin zane. Saura ƙiris ya taɓa ƙasa reshen ya ɓalle. Tsulum! Cikin taɓon shinkafa.

Umma ba ta ko jira ya fito ba. Ta ja hannuna har gaban tsohuwa, ta gaishe ta da ladabi.

"Tambayar min ita, gonar nan ta wace ce?"

Amak ta ce, "Ta kakata ce. Daga ni sai Yusni, daga Yusni sai ƴarta."

"Gidan fa?"

"Haka."

"Kududdufin kifi?"

"Haka."

"To shi me ya mallaka a nan?"

Tsohuwa ta yi tunani, tsakaninta da Allah, don ba ta son ta ci haƙƙin suruki. Can ta ce, "Hularsa."

Muka waiwaya neman hula. Ga ta can a kan biri, ya sauko ya zauna bisa tarin kwakwa, ya karkata ta gefe irin na masu gari.

Umma ta zaro waya daga jaka, ta danna lambar babban yayansu a Dutse. Tana jiran a ɗauka ta dubi ƙaninta, wanda ya rarrafo bakin gona, taɓo har gira, kunne ya kumbura, wuya ya karkace.

"To Sarkin Bishiya, me zan gaya wa manya?"

Kawu ya share taɓo daga ido. Ya yi gyaran murya. Ya ja numfashi.

"To-o-o, Yaya Delu, kin dai gani da idonki. Ma'aikatana ba sani ba sabo. Ko kan maigida ne, sai an duba shi."