Nomau da Takardar Saukar Baƙi

Ni ce Tasalla, matar marigayi Barau tela, a garin Kwarin Gawo, gab da marmaron nan da mutanen birni ke tururuwar gani da hutun Salla. Da Malam ya rasu ya bar mini ɗakuna uku a ƙofar gida, ya kuma bar mini ƙaninsa Nomau. Nomau ya ba arba'in baya, ƙato ne mai ɗaukar buhun gero biyu, ba ya ƙarya, ba ya taɓa na wani. Matsalarsa ɗaya: abin da aka faɗa masa shi zai yi, ba ƙari ba ragi.

Bana na ƙudura zan riƙa sauke masu zuwa hutu a ɗakunan nan, kwana biyu ko uku su tafi. Sai aka ce ba mai sauke baƙo sai da takardar izini mai hatimi, ita kuma ba a bayarwa sai duba-gari ya ga gida da idonsa. Ranar Alhamis kafin Salla za a rufe ofis, wanda bai samu ba sai baɗi. Karatuna bai wuce rubuta sunana ba, don haka akawun ofishin ya karanto mini dokokin guda tara na haddace. Na ce ya rage mini biyu tunda ba ni da miji. Ya ce, "Hajiya, doka ai ba tumatir ba ce."

Wata rana na ce, "Nomau, doka ta ce a sa yashi a kowane ɗaki saboda gobara." Na tafi kasuwa. Ina dawowa na tarar ya yi sawu shida a rafi da amalanke. Yashi har idon sawu a ɗakuna uku, har kan katifu ya shimfiɗa.

"Nomau! Bokiti ɗaya fa nake nufi!"

"Matar Yaya, ba ki ce bokiti ba. Kuma katifa ita ta fi cin wuta."

Kwana biyu muna kwasa. Wani magini ya zo zai ɗauka kyauta, na ce ko a mafarki, sai da ya saya.

Wata rana na ce masa, "Duk wanda zai kwana a gidan nan in ba ɗan gida ba ne, a kai shi wurin mai unguwa ya gan shi." Da la'asar sai ga yayata Dije daga ƙauye, tsohuwa mai ciwon gwiwa. Ko ruwa ba ta sha ba Nomau ya sure ta ya aza a baro, ya turo ta tsakiyar gari tana zaginsa, a kowace kwanar hanya mutane na dariya. Ya dire ta gaban mai unguwa ya ce, "Ranka ya daɗe, ga baƙuwa." Ashe mai unguwa ya nemi aurenta tun suna matasa. Ya gyara rawani ya ce, "Dije, shekara hamsin ina jiran a kawo ki, sai yau?" Ta dawo da ƙwaryar goro, ta ce gobe ma a kai ta.

Wata rana ana suna a maƙwabta, mata suka roƙi ɗaki ɗaya su huta. Na ce, "Nomau, tsaya a ƙofa, doka ta ce kada a wuce mutum huɗu a ɗaki." Uku suka shiga, ta huɗun ta zo da tsohon ciki, ya tare ƙofa.

"Ke biyu ce."

"Kai Nomau, ka ji tsoron Allah!"

"In kuma tagwaye ne, ke uku ce. Ki koma wancan ɗakin."

Ta samu ɗaki ita kaɗai da katifa, ta yi ta sa masa albarka.

Duk wannan ana yi, duba-gari Malam Isiyaku bai zo ba. Sau biyar ina zuwa ofis, kullum sai ya ce gobe, gidaje sun yi yawa. Ranar Talata raina ya ɓaci, na ce, "Nomau, je ka kira shi, kada ka dawo sai da shi." Na ɗora tukunya ina cewa kafin ta tafasa sun iso. Talata ta wuce shiru. Laraba shiru. Na bi gari ina cigiya, ina cewa na salwantar da ƙanin mijina a kan takarda.

Ranar Alhamis da azahar sai ga ƙarar babur. Malam Isiyaku ne, ido jawur, Nomau a bayansa ya rungume shi tamau. Na ce a raina shi ke nan, izini ya tafi.

"Hajiya, wannan mutumin naki ne?"

"Nawa ne, ranka ya daɗe. Lafiya?"

"Ina lafiya! Na shiga masallaci, yana sahu kusa da ni. Na zauna cin tuwo, ya wanke hannu. Na je taro gaban shugabanmu, ya jawo kujera. Jiya na je gaida surukaina, shi ya fara durƙusawa, har suna tambaya ko yayana ne. Na kore shi, ya ce an hana shi komawa gida."

Nomau ya ce, "Matar Yaya, ga shi na kawo."

Malam Isiyaku ya shiga ɗakuna yana huci. Ya ga bokitan yashi, ya leƙa banɗaki, ya buɗe tagogi, bai ga aibu ba. Ya sa hannu a takarda ya miƙo mini. Na juya ta sama da ƙasa. Ban iya karatu ba, amma na san hatimi in na gan shi.

"Ina shuɗin zagayen nan da ake bugawa a ƙasa?"

"Hatimi yana ofis, an kusa tashi. Ki zo bayan Salla."

Na ɗaga murya na ce, "Nomau, raka Malam ofis. Kada ka dawo sai..."

Ban rufe baki ba Malam Isiyaku ya cusa hannu a aljihun babbar riga, ya zaro hatimi, ya dafa takardar a sirdin babur ya buga har sau biyu. Ya tada babur ko sallama babu.

Nomau ya bi shi da kallo ya ce, "Kash. Matarsa ta ce yau dambu za ta yi."