Rasuwar 'Yar Bori, Injin Yankan Ƙarfen Illo

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da yatsu masu zogi, Illo mai walda na bakin tashar Dogon Dutsi yana sanar da 'yan'uwa da abokan arziki rasuwar abokiyar aikinsa, na'urar yankan ƙarfe da aka fi sani da 'Yar Bori. Ta cika ranar kasuwa da hantsi, tana tsakiyar yanka ƙyauren wani mutumin Dumega.

Maƙwabta ne suka raɗa mata sunan, domin da an kunna ta sai ta hau jijjiga kamar wadda iska ya hau, ta ja mai riƙe da ita su yi tare. Marigayiya ba ta san ƙyuya ba. Ƙofofin makaranta, gadajen amare, amalanken jakuna har Tibiri, duk sun ɗanɗani haƙorinta. Gaisuwarta ta safe "wiiiii" ce, in ta ci ƙarfe ta koma "ƙiiirrr", kuma ba ta taɓa tambayar ko akwai mai ciwon kai a unguwa ba.

Gaskiya ko a kan gawa sai an faɗe ta: baiwar Allah ba ta bar mai gidanta haka nan ba. Sannu a hankali yatsunsa suka fara mutuwa, maɓallin riga ya gagare shi, carbi na zamewa bai sani ba. Madam Rosine ta asibiti ta duba hannun, ta ce jijjigar nan taruwa take a jijiya, in bai riƙa lura da tsawon lokacin da yake riƙe injin ba, wata rana ko loma sai an ba shi a baki. Illo ya ce to, ya koma rumfa ya ci gaba daga inda ya tsaya.

Matarsa Mardiyya ce ta ɗauki aikin lura. Wayar wutar rumfar daga ɗakinta aka jawo ta. In ta ɗora tukunya ta ji kukan ya fara, har tukunya ta nuna bai tsaya ba, sai ta miƙa hannu ta zare wayar. Illo kuwa ya yi ta tsine wa masu wutar lantarki wata da watanni, bayin Allah ba su san hawa ba ba su san sauka ba. Sai bayan rasuwar ta gaya masa ita ce ke zare wayar, ya rasa ko fushi zai yi ko godiya.

Jinyar ƙarshe ba ta yi tsawo ba. Muryar 'Yar Bori ta dushe, ta yi tari, ta saki hayaƙi mai warin ƙonannen gashi, ta ce "fut", shi ke nan.

Ta rasu ta bar guduma, da injin walda, da tsohon magagari mai goge ƙarfe wanda aiki ya koma kansa, da ƙyauren mutumin Dumega a yanke rabi.

Ba za a kai ta wurin masu sayen tsohon ƙarfe ba, Illo ya rantse. Za a rataye ta a bangon rumfa bayan la'asar, a nan kuma ake karɓar gaisuwa. Ana roƙon masu zuwa ta'aziyya, in sun ba shi hannu, su riƙe da kyau su ɗan jima, domin sai an jima yake jin an riƙe shi.