Rasuwar Farin Murjani a Turmin Inna

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika har ya tumbatsa, ana sanar da 'yan'uwa da abokan arziki, a madadin Malama Khairat Abba, mai koyarwa a jami'a, rasuwar Farin Murjani. Ajali ya riske shi ranar Asabar da hantsi, a cikin turmi, a unguwar Ƙofar Wambai.

Marigayin ɗan asalin ƙasan teku ne, can inda rana ba ta taɓa leƙawa ba. Wasu ƙananan halittu ne suka gina shi a tsanake, abin da yake ƙarawa a shekara bai fi kaurin farce ba. Ana kyautata zaton ya girmi ganuwar Bauchi, kuma gano ainihin shekarunsa shi ne aikin da Malama za ta yi digirinta na uku a kai.

Ba a banza ta same shi ba. Baiwar Allah da ba ta san ruwan da ya wuce dam ɗin Gubi ba, ita ce ta shiga jirgin ruwan masu bincike, ta yi makonni tana amai, tana neman alƙibla a jirgin da ba ya zama wuri ɗaya. Wata na'ura mai hannun ƙarfe aka zura ta ɓallo shi. Shugaban tawaga ya damƙa mata guntu ɗaya tak, ya ce ta riƙe da kyau, jirgin ba zai koma wurin nan kusa ba.

Kowa ya shaidi marigayin da haƙuri. Ya jure duhu, ya jure sanyi, ya jure tambayoyin 'yan kwastan da ramukan hanyar Jos. Ba a taɓa jin muryarsa ba sai ɗan ƙas-ƙas a cikin gwangwani.

Jinyarsa gajera ce. Malama ta sauka gida gaida mahaifiyarta, Inna Hamsatu, ta mance gwangwanin a jakar tsaraba. Inna ta buɗe, ta ga farin dutse naɗe da auduga, sai hawaye. Shekara da shekaru ana tambayarta me 'yarta ke karantawa, ba ta da amsa. Yau ga yarinya ta je ƙarshen duniya, ta tuna uwarta da kanwa! Gida-gida ta bi da shi tana nunawa: "Kanwar teku ce, Khairat ta kawo mini."

Ta jiƙa shi don kwaɓa ɗanwaken barka da sauka. Marigayin ya ƙi narkewa, domin shi ruwa ba baƙonsa ba ne. Sai Inna ta ɗauko taɓarya. Kalamansa na ƙarshe su ne ƙwas, sannan garas-garas.

Malama ta dawo daga gaishe-gaishen dangi, ta zauna, ta kai loma.

"Inna, yau ɗanwaken da tsakuwa."

"Kanwar taki ce, 'yar nan, taurin kai gare ta. Amma kin fitar da ni kunya, Allah Ya yi miki albarka."

Waɗanda ke wurin sun ce Malama ta daɗe tana kallon kwanon. Daga nan ta ce amin, ta cinye tas.

Marigayin ya bar gwangwani, auduga, hotuna masu yawa, da kundin digiri wanda sunansa kawai aka rubuta. Ya kuma bar shugaban tawaga, wanda har yanzu ke turo saƙo yana tambayar sakamako.

Tuni aka yi jana'iza a cikkunan mahalarta, kuma kabari mafi girma yana wurin Kawu Babayo, wanda ya yi ta ƙari har aka janye kwano. Ɗan sauran garin marigayin da aka kankaro a gindin turmi yana cikin cokali, ba a yanke shawara a kansa ba.

Za a karɓi gaisuwa a ofishin Malama da ke Yelwa kaɗai. Don girman Allah kada kowa ya kai ta'aziyya Ƙofar Wambai. Inna ba ta sani ba, kuma Malama ta rantse ba za ta sani ba. Wanda ya haɗu da Inna, ya ce ɗanwake ya yi daɗi.

Inna dai ta roƙi in an koma teku a ƙaro mata, amma mai laushi. Malama ta ce to.