Tsingaron Rabi

Duk unguwarmu ta Briketeri an san ni, ba na kwana da ƙazanta. Jikata Rabi, mai karatun tonon kayan mutanen da, ta kawo wani tsingaro baƙi ƙirin daga jami'a. Ashe baƙin da ke jikinsa za ta bincika, in ta ci a ba ta burs, wato tallafin karatu, ta bi malamanta tono a Cadi. Ni ko na sa toka da soso na dirje shi tas, har ina jiran godiya.

Ta daɗe tana kallonsa, ta ce, "Kaka, ai shi ke nan." Wata aka tura a madadinta. Rabi ba ta ƙara zancen Cadi ba.

Yanzu ko gidan suna na je, sai mata su ce, "Hajiya, ga tukwane, amma ki bar mana tarihi."