Haƙorina da Jawabin Mai Girma

Jiya na yi minti arba'in da bakwai baki a wangale gaban manyan mutane, kuma ba wanda ya ce mini mara kunya.

Ni ba mai yawan magana ba ne. Da haƙori ya fara ciwo sai na ƙara yin shiru. Na can ƙurya ne, ɓangaren dama, wanda nake tauna da shi tun da ɗan'uwansa na hagu ya yi ritaya. Sati uku da suka wuce na kai shi asibitin unguwarmu. Likita ta leƙa, ta ce jijiyar ta ruɓe, amma haƙorin zai tsira. Za ta huda shi, ta zare jijiyar, ta wanke ramin, ta toshe da cikon wucin gadi. Bayan sati biyu in dawo ta cike shi na dindindin. In na makara cikon ya faɗi, ƙwayar cuta ta koma, to sai cirewa.

Ta yi rabin aikinta. Na koma ranar da ta ce, na tarar babu wurin zama. Tsohuwar kujerar an fitar da ita, wai tana zubar da mutuncin asibiti. Sabuwa na tsakiyar ɗaki cikin leda, an ɗaure ta da jan kintinkiri. Ba mai hawa sai Mai Girma Uban Ayyuka ya zo ya yanke.

Na tambayi mai ba da kati, "Yaushe zai zo?"

"Yana hanya."

"Tun yaushe?"

"Tun watan jiya."

Na koma gida. Mama ta ce in daina taɓa wurin da harshe. Na ji, harshen ne bai ji ba. Cikon ya fara ɓarewa kamar tsohon sabulu. Maƙwabcinmu Baba Makanike ya tare ni a ƙofa da filaya a hannu.

"Ɗan nan, kawo bakin. Ni ba na jiran kintinkiri."

"Baba, da ita fa ka kwance tayar babur ɗazu."

"Ka ji babur ɗin ya yi ƙorafi?"

Jiya da safe Likita ta aiko a kira ni. Mai Girma ya iso, ana neman majinyacin da za a ɗauki hoto da shi. Baba Makanike ya biyo ni, filaya a aljihu, wai saboda ko-ta-kwana.

Ina isa gaban kujera Likita ta sunkuyo ta yi ƙasa da murya. "Kwana uku ba mu da wuta. Amma sun zo da janareta saboda lasifika, na sa an jawo mini waya. Muddin yana magana, injina zai juya. Yana yin shiru za su kashe su tafi da abinsu. Minti arba'in nake so."

"Jawabin fa?"

"Shafi biyu. Na leƙa."

Na dubi Baba. Ya ji komai. Ya taɓa aljihunsa, ya dube ni, ya yi ajiyar zuciya irin ta wanda aka hana aiki, ya wuce layin gaba.

Aka yanke kintinkiri, na hau kujera, aka yi mini allura, jawabi ya fara. Kowace jimla Baba sai ya tafa, tafin da ba ya ƙarewa sai an roƙe shi. Duk da haka cikin minti goma shafi biyu suka ƙare. Likita tana tsakiyar rami.

"Ranka ya daɗe," in ji Baba, "mu na baya ba mu ji ba."

Alhali a gaban hancin Mai Girma yake zaune. Mai Girma ya maimaita.

Baba ya sake miƙewa. "Allah ya ja zamaninka, talakawa na son sanin yadda tunanin kujerar nan ya zo maka."

Mai Girma ya ninke takarda ya sa a aljihu. Ya faro daga firamare. Ban taɓa ƙaunar mutum kamar yadda na ƙaunace shi a lokacin ba. Ina addu'a a zuci Allah ya sa ya maimaita aji.

Hawaye na zuba mini saboda ƙarar inji a cikin ƙwaƙwalwata. Mai Girma ya nuna ni ya ce a dubi matashi yana kukan farin ciki. Ya miƙo makirufo. "Me za ka ce, yarona?"

Da auduga da yatsu biyu a bakina na ce, "Aaa." Sakatarensa ya rubuta cewa na yi godiya a madadin matasa baki ɗaya.

Yana cewa "a ƙarshe" karo na huɗu Likita ta ce, "Cije." Na cije. Haƙori ya zauna daram. Janareta ya mutu.

Saboda haka masu cewa manyanmu surutu kawai suka iya, ku ji tsoron Allah. Ni surutun ne ya yi mini magani.

Muna fita na ga an mayar da kujerar cikin leda, an ɗaura sabon kintinkiri, ana ɗora ta a bayan mota. Wai ranar Alhamis za a ƙaddamar da ita a wani asibitin. Duk mai rami a haƙori sai ya bi motar. Zan ara masa Baba, amma ya caje aljihunsa kafin su fita.